Yaro mai ƙwaƙwalwa, amma jarrabawa na kayar da shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan shekara 16, yana aji biyu na babbar sakandare a nan cikin Katsina. In ana bita a gida ba abin da ba ya amsawa, har ƙannensa yake koya wa lissafi. Amma in sakamako ya fito sai takaici. Ya ce da an raba takardar jarrabawa sai kansa ya ɗauke wuta. Kuma in malami ya gyara masa kuskure a gaban 'yan aji sai ya yi zuciya, ya daina shiga darasin. Wata malamarsu ta ce ba ƙwaƙwalwa ce matsalarsa ba, rashin iya sarrafa zuciya ne. Me ya haɗa wannan da cin jarrabawa? Daga wata uwa a Ƙofar Marusa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya mana shi. Malamar nan ta kama bakin zaren, kuma abin da ta faɗa fage ne guda a ilimin halayyar ɗan Adam, wato basirar gane motsin rai da sarrafa shi (emotional intelligence a Turance). Masana biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, su suka tsara shi a 1990, sannan Daniel Goleman ya yaɗa shi ga jama'a a 1995. Manufarsa ita ce mutum ya gane abin da ke motsi a ransa, ya san dalilinsa, ya karanci na wanda ke gabansa, kuma ya iya riƙe linzamin kansa har ya gama abin da ya sa a gaba.

Mu fara da ɗauke wutar, don nan ne iyaye suka fi zargin yaro da ƙarya ko lalaci. Ba ƙarya yake yi ba. A ƙwaƙwalwa akwai wurin da ake riƙe abu na ɗan lokaci ana aiki da shi, kamar lambar da aka ajiye a ka yayin da ake ninka wata. Wurin nan ƙarami ne, kamar allon ɗan makaranta: layi kaɗan yake ɗauka. Idan fargaba ta riga ta cika allon da "in na faɗi me Baba zai ce" da "wane ya riga ya juya shafi", ina lissafin zai samu wurin zama? Karatun na nan bai gudu ba, shi ya sa da ya fito harabar makaranta sai amsoshin su dawo masa. Ga jiki kuma ya shiga halin tsoro, zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu na gumi har biro na santsi. Ki haɗa wannan da jarrabawar JAMB da ke jiransa, tambaya 180 cikin awa 2 a kan kwamfuta, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da ya ɓata minti 10 yana rawar jiki ya yi asarar lokacin tambaya 15.

Batun zuciyar da yake yi ya ma fi damuna. Jarrabawa rana ɗaya ce, amma ƙaurace wa darasi asarar zango ce. Abin da ke ci masa rai a lokacin sau da yawa kunya ce, ta fito da rigar fushi. An yi masa dariya, ya ji an muzanta shi, sai ya hukunta malamin da ƙin zuwa, alhali kansa ya cuta. Ɗalibin da ya iya haɗiye wannan ɗacin, ya bi malami bayan an tashi ya ce "Malam ban gane wurin nan ba", shi ke kwasar abin da sauran suka bari. Malamai ma 'yan Adam ne, sun fi sakin jiki da yaron da ke karɓar gyara.

Bincike ya tabbatar da alaƙar. A 2011 Joseph Durlak da abokan aikinsa sun tattara sakamakon shirye-shirye 213 na koyar da wannan fanni a makarantu, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da 270,000, suka ga waɗanda aka koya wa sun ɗara takwarorinsu a karatu, ba a ɗabi'a kaɗai ba. Wani nazarin na Carolyn MacCann a 2020 ya sa wannan basira a matsayi na uku wajen hasashen sakamakon ɗalibi, bayan kaifin ƙwaƙwalwa da naci. Ki lura, na uku. Duk wanda ya ce miki ta fi karatu muhimmanci ya zarce gona da iri. Wanda bai buɗe littafi ba, natsuwarsa ba za ta rubuta masa amsa ba.

Akwai wani kuskure da muke yi a gidajenmu. Yaron da ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, sai mu ce mai haƙuri ne, an gama. Wani shirun haƙuri ne, wani kuwa cin rai ne. Mun saba ce wa ɗa namiji "namiji ba ya kuka", sai ya tashi bai san sunan abin da ke damunsa ba, komai "ba komai". Alhali ambaton abin da kansa magani ne: gwajin hoton ƙwaƙwalwa da Matthew Lieberman ya yi a 2007 ya nuna cewa sanya wa motsin rai suna yana rage zafin sashen da ke tayar da tsoro. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Mallaka aka ce, kuma ba a mallakar abin da ba a san da shi ba.

To me za ki yi? Ranar da sakamako ya fito, kada a yi zancen a tsakar gida gaban ƙannensa, kuma a bar "dubi ɗan wance". Bari sai ya ci abinci, bayan isha'i, ki tambaye shi: da aka miƙo maka takardar me ka fara ji, tsoro ne ko kunya? In ya yi shiru kada ki cike masa gurbin da faɗa. In ɗan fari ne, kunya ta hana ki zama da shi haka, ki sa kawunsa ko wata gwaggonsa da yake sakewa da ita.

Sannan ya riƙa gwaji cikin yanayi irin na jarrabawa: tsoffin tambayoyin WAEC ko NECO, agogo a gabansa, waya a ɗakinki. Jiki na sabawa da abin da ya maimaita. Ana saura kaɗan a shiga, ya ɗauki takarda ya rubuta duk abin da yake tsoro na tsawon minti 10. Gerardo Ramirez da Sian Beilock sun gwada wannan a 2011, ya ɗaga makin ɗalibai masu yawan fargaba. In an raba takarda ya yi bisimilla, ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali sau uku ko huɗu, ya fara da tambayar da ya fi sani.

Malamin da ya yi zuciya da shi kuma, mahaifinsa ya raka shi su gaisa, yaron ya ba da haƙuri, a roƙi malamin ya riƙa yi masa gyara a gefe na ɗan lokaci.

Amma idan kika ga abin ya wuce lokacin jarrabawa, ya daina barci, ya rage cin abinci, ya janye daga abokansa na makonni, ko yana furta cewa rayuwa ta ishe shi, wannan ya wuce shawarar gida. Ku kai shi asibiti ya ga likita ba tare da jinkiri ba.