Likita, me ya kama harshen ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 14 tun yana ƙarami yake yawan tuntuɓe, tafin ƙafarsa ya lanƙwashe, ƙwaurinsa ya sirance, kamar na ƙanena. A asibiti an ce ciwon jijiya ne na gado. Watan jiya ya yi zazzaɓi, kwatsam harshensa ya yi nauyi, hannun dama ya saki. Kafin asuba ya warware sarai. Maƙwabta na cewa iska ce. Wata uwa daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon Charcot-Marie-Tooth, wanda likitoci uku suka bayyana a 1886. Yawanci jijiyoyin hannu da ƙafa yake ci. Amma akwai nau'in da ke bin jinin uwa zuwa ɗa namiji, shi ya sa batun ƙanenki ya tsaya mini a rai. A wannan nau'in, zazzaɓi, ko aikin wahala, ko hawa wuri mai tudu sosai kan taɓa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci: magana ta karye, ɓarin jiki ya saki, haɗiya ta yi wuya, bayan awoyi ko 'yan kwanaki a warware. Tabon da hoton ƙwaƙwalwa na MRI ke nunawa ma yakan gushe.

Sai dai ina roƙonki, in ya sake faruwa kada ki zauna jiran ya wuce. Sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da shanyewar ɓarin jiki duk suna iya farawa haka. Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wurin likitan jijiya, ki faɗa masa labarin kawunsa.