Tun yaushe Birtaniya ke da jakada a Suwizalan?

Malam, ka tambayi lokacin da Birtaniya ta fara aika wakili Suwizalan, da abin da take nema a ƙasar da ba ta shiga yaƙi. To, abin ya daɗe. Tun ƙarni na 17 Ingila ke tura manzanni, a lokacin da Suwizalan tarayyar ƙananan jihohi ce kawai, kowace da ikonta.

Da farko addini ne ya haɗa su. A 1654 Oliver Cromwell, shugaban Ingila a lokacin, ya aika John Pell, masanin lissafi, zuwa birnin Zurich domin ya jawo jihohin Kiristoci 'yan Furotesta, masu ɗarika irin ta Ingila, su zama abokan Ingila. Ya zauna can har 1658.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne William Wickham, da ya isa a 1794. A suna dai wakili ne, amma ainihin aikinsa leƙen asiri. Daga Bern, babban birnin Suwizalan a yau, yake raba kuɗin Birtaniya ga masu neman kifar da gwamnatin juyin juya halin Faransa, yana tattara labarai ta kan iyaka. Faransa ta matsa wa Suwizalan lamba har ya bar ƙasar a 1797. Ka ga ke nan, rashin ɗaukar ɓangaren nan shi ne ya sa ƙasar ta yi wa Landan amfani.

Bayan faɗuwar Napoleon, sarkin Faransa, Stratford Canning ya karɓi aikin a 1814. Sai a 1953 aka ɗaga ofishin na Bern ya zama cikakken ofishin jakadanci. Jakadan da ke can shi ke kula da Liechtenstein ma, ƙaramar ƙasa maƙwabciyar Suwizalan.