Tambaya da Amsa: Guguwar da ke share gari da iskar da ke yaye kwanon Legas

Tambaya: Na ga bidiyo a waya, wata mahaukaciyar guguwa ta share wani ƙaramin gari a Amurka. Irin tamu ce ta Arewa da ke tashi da rani? Za ta iya zuwa Legas? (Wani ɗan kasuwa, Agege)

Amsa: Alhaji, ba iri ɗaya ba ne. Tamu ta rani daga ƙasa take tashi idan rana ta gasa fili, ta kwashi ƙura da leda, ta mutu cikin 'yan mintoci. Waccan kuwa daga cikin baƙin hadari take saukowa, tana juyawa, kanta a gajimare ƙafarta a ƙasa. Amurka na samun kusan 1,200 a shekara, domin a tsakiyar ƙasar ne iska mai ɗumi da danshi daga Tekun Meziko ke karo da busasshiyar iska mai sanyi. Ana auna ƙarfinta da ɓarnar da ta bari, daga EF0 zuwa EF5.

Irin wannan ba kasafai ake ganinta a Afirka ta Yamma ba. Abin da ke damunmu a Legas shi ne iskar gaban hadari, wadda yawanci ke tasowa daga gabas a farkon damina, Maris zuwa Mayu, da kuma ƙarshenta wajen Oktoba. Ba ta juyawa, amma ta ishi kwano da allon talla da turken wuta.

Tambaya: To waɗanda suka tsira, yaya suke ƙarewa? (Wata malamar Islamiyya, Idi-Araba)

Amsa: Malama, a nan wahalar take. Ranar 4 ga Mayu 2007 guguwa mai ƙarfin EF5, faɗinta kilomita 2.7, ta afka wa Greensburg a jihar Kansas da daddare, ta rushe kashi 95 cikin ɗari na garin. Mutum 11 suka rasu. An buga jiniya kimanin minti 20 kafin isowarta, jama'a suka shige ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa asarar rai ba ta fi haka ba. Sai dai garin bai koma yadda yake ba. Ƙidayar 2000 ta samu mutum 1,574, ta 2010 ta samu 777. Ƙaramin gari makaranta ɗaya gare shi, asibiti ɗaya, kasuwa ɗaya. Idan suka tafi a dare guda, mai aiki ya bi aiki, mai yara ya bi makaranta, kuma wanda ya kama haya a wani gari da wuya ya dawo.

Akwai kuma mutuwar da ke biyo baya. A Joplin, jihar Missouri, inda guguwar 22 ga Mayu 2011 ta kashe fiye da mutum 150, an samu mutum 13 da wata irin funfuna ta ƙasa da ruɓaɓɓen itace ta shiga raunukansu, biyar suka rasu. Saboda haka raunin da ƙasa ko katako ya shiga a wanke shi sosai da ruwa mai tsafta, kada a toshe shi da toka ko man inji, a je asibiti a yi allurar tetanos. Kada a shiga kango da silifas, kusoshi na nan a tsaye. Duk wayar wuta da ta faɗi a ɗauka da wuta a jikinta, ballantana in tana cikin ruwa. Janareta kuma a waje, nesa da taga, don hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari. Yaron da ya koma fitsarin kwance ko yake firgita da jin tsawa bayan haka, kada a doke shi. In abin ya wuce wata guda a ga likita.

Tambaya: Sau biyu iska na yaye mini kwano a Mile 12. Na ɗora bulo da tsofaffin tayoyi, sun isa? (Wani mai gidan haya)

Amsa: Maigida, a sauke su tun yau. Ranar da iska ta fi ƙarfinsu, kan maƙwabci za su faɗa. Iska ba danna rufi take yi ba, tsotsarsa take yi sama, kuma in gudunta ya ninka biyu ƙarfinta ninka huɗu yake yi. Daga kusurwa da baki take farawa. Da falle ɗaya ya ɗaga, ta samu ƙofa.

A sa kafinta ya duba daga ƙasa zuwa sama. Katakon da ke kwance kan bango a ɗaure shi da rodin da aka binne a cikin kankaren linta, ba a ɗora shi kawai a shafe da siminti ba. Kowace rafta a ɗaure ta da wannan katako da langa-langa, a buga kusa ta gefe, domin kusar da aka buga a tsaye fizge ta ake yi kamar ana cire haƙori. Kwanon a buga shi da kusa mai hula a kan tudun layi. A baki da tsororuwa da kusurwa kowane tudu ya samu kusa, a tsakiya ne ake iya tsallakawa. Falle ya hau falle da aƙalla layi ɗaya da rabi ta gefe, santimita 15 ta tsawo. Bakin kwanon da ya leƙo waje kada ya wuce santimita 45. In sabon rufi ne, mai gangara huɗu ya fi mai biyu jure iska.

Abin da ake yawan mantawa a Legas shi ne gishirin teku da danshi. Kusa na tsatsa, ramin na faɗaɗa, gara na cin katako ta ciki. A hau a duba kowace shekara a watan Fabrairu, kafin ruwan farko.

Tambaya: In iska ta same mu a hanya ko a shago, ina za mu fake? (Wani ɗan acaɓa, Alaba Rago)

Amsa: Ɗan'uwa, abin da iska ta kwaso ne ke kisa, kwano da gilashi da katako, kuma raunin kai ya fi muni. Nemi ginin bulo, hawa na ƙasa, ɗakin tsakiya ko lungun da ba taga. Durƙusa ka rufe kai da katifa, kuma kada ka cire hular kwanonka. Rumfar kwano da kes da gindin bishiya da ƙarƙashin allon talla duk a guje su. Ƙarƙashin gada, inda kuka saba fakewa, yana tare ruwa amma iska matsewa take a wurin ta ƙara gudu, kuma a guguwar Oklahoma ta 3 ga Mayu 1999 an rasa rayuka a irin wannan mafaka. A gida a rufe ƙofofi da tagogi. Masu cewa a buɗe don iska ta wuce, hanya suke ba ta ta tura rufin daga ciki. In gini ya danne mutum a kira 112 ko 767, hukumar agajin gaggawa ta jihar, LASEMA, za ta samu labari, kuma kada a ja wanda ya bugu a wuya ko baya sai in wurin na shirin ruftawa.