JMeter da satifiket ɗin shiga mainframe

Ɗan'uwa, ka ce haɗi na yankewa da zarar manhajar CICS (mai sarrafa mu'amaloli) da ke kan z/OS, tsarin aikin mainframe, wato babbar kwamfutar IBM, ta nemi satifiket ɗin shaida daga JMeter, manhajar gwajin nauyi. Ka zuba satifiket ɗin da makullinsa na sirri cikin fayil ɗin PKCS12 (nau'in fayil mai haɗa satifiket da makullinsa), ka buɗe fayil ɗin saitin JMeter mai suna system.properties, ka sa hanyar fayil ɗin a javax.net.ssl.keyStore, kalmar sirri a javax.net.ssl.keyStorePassword, sannan ka kashe JMeter ka sake kunna shi. A can mainframe kuwa, dole satifiket ɗin hukumar da ta sa wa naka hannu ya kasance cikin zoben makullan RACF (manhajar tsaron mainframe), a matsayin amintacce.

Amma don Allah kar ka yi gwajin nauyi da satifiket guda. Na ga haka a wani banki nan Abuja: duk masu shigan gwajin suka zama mutum ɗaya a wajen RACF, JMeter na ta amfani da tsohuwar musabahar TLS (matakin farko na kulla haɗi mai tsaro) maimakon ya yi sabuwa, sakamako ya fito gwanin kyau, alhali musabahar ce mai cin ƙarfin na'ura. Ka nemi satifiket masu yawa na gwaji, ka sa sashen Keystore Configuration na JMeter ya rarraba su. A tsofaffin nau'o'in JMeter, https.use.cached.ssl.context ake mayarwa false; daga JMeter 5.0 kuwa, ka tabbata httpclient.reset_state_on_thread_group_iteration na kan true.