Likita, Wane Bututu Ake Zura Mana Idan An Sa Mu Barci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Sau biyu ana sa ni barci don tiyata. Na farko karayar hannu ce, na farka lafiya lau. Na biyu afendis aka cire mini, na tashi da maƙogwaro kamar an goga mini ƙaya, murya a dishe har kwana biyu. Ma'aikaciyar jinya ta ce bututu ne. To, me ya sa a karon farko ban ji haka ba? Wata mai zuwa za a yi mini aikin gwaiwa. Ko zan iya roƙon a sa mini wanda ba ya ciwo?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ban ga takardunka ba, amma da alama kayan aiki biyu daban aka sa maka.

Maganin barcin tiyata yakan sa harshe ya zube baya, numfashi ya raunana ko ya tsaya. Dole mu buɗe wa iska hanya. A aikin hannu, mai yiwuwa LMA aka yi amfani da ita: roba ce mai laushi, kanta kamar ƙaramin cokali, tana zama a bakin maƙogwaro ba tare da ta shiga ciki ba. Wani likitan Ingila, Archie Brain, ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1980. Akwai ƙanwarta, i-gel, wadda ta fito a 2007, ita ko iska ba a hura wa bakinta kamar yadda ake yi wa LMA. Ni kaina ina son su, domin majinyaci yakan farka salin-alin, tari kaɗan, ciwon wuya kaɗan.

Na afendis kuwa, bututu ne sosai. Da wani ƙarfe mai fitila muke ɗaga harshe, mu ga tantanin murya, mu ratsa tsakaninsu zuwa hanyar huhu, sannan mu hura wani ɗan balan-balan da ke jikinsa ya toshe gefe. Gogar nan da matsin ne suka dishe maka murya, kuma yawanci cikin kwana biyu ko uku ake warwarewa.

Me ya sa muke ɗora maka wannan wahala? Saboda balan-balan ɗin nan. Mai barcin tiyata ba ya tari idan ya ƙware. In abin da ke cikinsa ya taso ya gangara huhu, ruwan ciki mai tsami ne, yana ƙona huhu, har yakan kai mutum ɗakin kulawa ta musamman. Mai afendis hanjinsa ya yi sanyi, cikinsa bai sauke ba ko da ya wuni bai ci komai ba. LMA ba ta rufe ƙofar nan ruf. Bututun nan kuma muke sa wa mai juna biyu da za a sa barci don ciro jariri, da mai ƙiba sosai, da mai yawan ƙwannafi, da wanda aikinsa zai ɗauki sa'o'i. Nan ba na ciniki da kowa.

Gwaiwa dai, in ba ta shaƙe ba, aiki ne da ake shirya masa. Ana iya yin sa da LMA, sau da yawa ma da allurar baya kawai, kana farke, ba abin da zai shiga bakinka. In da kyamara za a yi, ana hura ciki da iska, sai yawancinmu mu koma ga bututu.

Roƙo kam ka yi, haƙƙinka ne. Ka nemi ganin likitan sa barci kafin ranar, ka ba shi labarin muryar nan, ka faɗa masa in kana da haƙori mai girgiɗi ko kana minshari. Sai kuma azumin da za a ba ka: awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa. Na taɓa ɗage aikin wani bawan Allah saboda shayi da madara da ya kurɓa a ɓoye, yana cewa ai ba abinci ba ne. A wurinmu madara abinci ce, Malam.