Ganyen na'a-na'a da barcin dare

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce karatun jarrabawa ya hana hankalinka kwanciya, barci ma ya ƙi zuwa, kana tambaya ko ruwan na'a-na'a da kakarka take dafa wa mutanen gida bayan isha'i zai yi maka amfani.

Zai yi, amma ka san inda ƙarfinsa yake. Aikinsa na farko a ciki ne. Akwai wani mai a jikin ganyen, shi ke ba da ƙamshin nan da ɗan sanyin da ake ji a maƙogwaro. Yana sassauta hanji, ya rage kumburin ciki da tashin zuciya. Mai damuwa kuwa cikinsa ke fara ɗaurewa, abinci ya tsaya masa. In cikin ya saki, sai jiki ya bi. Abin da ya sa tsofaffi suke shansa bayan tuwon dare ke nan, a zaune, ana hira, ba gaggawa.

Ka wanke ɗanyen ganye cikin hannu guda. Ruwa ya tafasa ka sauke, sannan ka zuba, ka rufe na 'yan mintoci don kada ƙamshin ya bi tururi. In da zuma ka ɗiga. Da hunturu wasu kan ƙara citta ko kanumfari.

Kada dai ka ɗauka ɗaya suke da shayin Buzaye, wanda ake dafawa a 'yar buta kan gawayi, zagaye uku, na farko da ɗaci. Ana jefa na'a-na'a a ciki, gaskiya ne, amma tushensa koren ganyen shayi ne da sukari mai yawa, kuma abin da ke cikin goro mai busar da ido yana cikinsa. Masu gadi don su kwana a farke suke shansa. Samari da yawa kan sha wannan da dare, gari ya waye suna cewa na'a-na'a ba ya aiki.

In kana fama da ƙwannafi ka bar shi, ƙara maka zai yi. In kuma makonni suka wuce ba barci, ko ka ji komai ya fita daga ranka, ka je asibiti, ka kuma kira ni a ranar, kada ka ɓoye mini. Ganyen ba shi da wuyar samu: ka karɓi reshe mai saiwa wajen masu lambu, ka dasa a tsohon bokiti, ka riƙa ba shi ruwa, zai yaɗu da kansa.