Kundin sunayen da ya ƙone mini a Sharaɗa

Kai Nura, wai tambaya kake me ya sa muke wahalar kafa LDAP, wato kundi ɗaya na sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, a sabar ofis alhali kowace manhaja na iya riƙe sunayen masu shiga da kanta? Haba! Ko wanda ya zo jiya ya san wannan. Ma'aikaci suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya. Ranar da aka sallame shi ka toshe a wuri ɗaya, imel da Nextcloud, manhajar ajiye fayiloli, duk su rufe masa. Girka OpenLDAP, manhajar da ke riƙe kundin, kuwa, je ka karanta, ba ni da lokacin. Kar dai in kama ka ka bar kalmomin sirrin mutane suna yawo tsirara ta ƙofar sadarwa ta 389, ga ta 636 mai ɓoye su nan.

Ka ma tuno mini da takaici. Wani Alhaji mai masana'anta a Sharaɗa, a Kano, na haɗa wa, ma'aikata wajen arba'in. Na ce a sayi saba ta biyu mai ɗaukar kwafin kundin, da batirin tsare wuta. Ya ce ɓarnar kuɗi ce, wai ni ɗan kasuwar kwamfuta ta Beirut Road ne mai son sayar da kaya. Da damina aka kawo wuta da ƙarfi, faifan sabar ya tafi. Har yau ina jin ƙaurin nan a hancina.

Nawa laifin? Ina yin slapcat kullum, wato umarnin da ke kwafe kundin cikin fayil na LDIF, amma fayil ɗin a kan faifan da ya ƙone nake ajiye shi. Na ce ba komai, fayilolin ma'aikata suna wata na'ura, sai in sake rubuta sunaye da hannu. Ashe Nextcloud ba da sunanka ta san ka ba, da lambar entryUUID da kundin ke ba kowane suna ta san ka. Sabon suna, sabuwar lamba. Akawun kamfani ya shiga ya tarar wayam, takardun albashi na can ƙarƙashin wata doguwar lamba mara mai ita. Kwana uku ina buɗe jaka ɗaya bayan ɗaya ina cankar ta waye, sauro na cina.

Da na gama, Alhaji ya ce ai ni na ɓata ni na gyara, cikon kuɗina naira 180,000 ya bi ruwa. Ko na mai bai ba ni ba.

Ku yaran yanzu kun fi son danna maɓalli ku koma TikTok. Ajiye wayar nan, ɗauko filashin can, ka yi slapcat na sabar da muka haɗa jiya, ka zuba shi da slapadd, umarnin mayar da kwafi, a tsohuwar kwamfutar can ina kallo.